Ɗana, Ka Ɗebi Wasiƙunka Ka Kai Gida

Ɗana, ka sami aiki, Allah ya sa albarka. An ba ka teburi da tsohuwar kwamfuta da adireshin imel, an ce ta nan umarni zai riƙa zuwa, ta nan kuma za ka riƙa mayar da rahoto. Ko kai magatakarda ne a ofishin magajin gari a Washa, ko majo a ɗakin shan magani a Dogo-Dogo, ko mushe mai jiran sakamakon konkur a Bande, ko ɗalibin Jami'ar André Salifou da ya dawo hutu yana neman gurbin ƙaro karatu, maganata da kai ɗaya ce. Akwatin nan da aka buɗe maka amana ne, kuma yadda akasarin tsararrakinka suke riƙe shi ba riƙon amana ba ne. Na ga akwatin da wasiƙu suka yi tsibi ba a buɗe ba, mai shi yana rantsuwa ba a taɓa aiko masa da takardar kiran taro ba. Tana nan ciki, a danne tsakanin tallar salula da sanarwar Facebook.

Na san abin da za ka ce. Baba, wa yake ta imel yanzu alhali ga WhatsApp? Da gaskiyarka, amma rabi. Dillalin da zai kai shanu Maigatari ranar Alhamis ba ruwansa da imel; ya danna ya yi magana, abokin cinikinsa ya ji muryarsa, shi ke nan. Ofis kuwa ba ya tafiya da murya. Ranar da za a tsare ka da tambaya, yaushe ka aika rahoton watan Satumba, wa ka aika wa, me ka maƙala a ciki, saƙon murya ba zai tsaya maka shaida ba, balle idan salular ta faɗa ruwa ko an zare ta a tasha. Takardar ɗaukar aiki da kiran jarrabawa da amsar jami'a da kuɗin furoje duk ta imel suke bi, kuma kowannensu yana da wa'adin da ba ya jiran kowa.

Dubi inda Allah ya ajiye ka. Magarya tana kusan kilomita 90 kudu da Damagaram, Dungas kuwa sai a 2011 aka yanke ta daga jikin Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 900,000 a gundumomin biyu. Ƙasa ce mai cika, aikin takarda kuma ba kaɗan ba: tun 2005 likitocin MSF suke Magarya saboda yaran da tamowa da zazzaɓin cizon sauro suke kayarwa duk damina, kuma kowane gadon asibiti yana da lissafin da wani zai rubuta ya aika. Hanyar aikawar ce siririya. Ka san tsayuwa a kan tudu ana ɗaga salula sama ana neman rezo. Ka san yadda a bakin iyaka layi yakan sulale ya kamo na Najeriya. Ba ka kuma manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar take amfani da shi. An shimfiɗa igiyar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da kuɗin Bankin Raya Afirka, wani reshenta ya taso daga Damagaram ya ratsa Magarya zuwa iyaka. Madalla. Sai dai igiya ta wuce ta bakin titi daban, ta shigo ofishinka na Malawa daban.

To, a irin wannan wuri, kalli yadda kuke karanta wasiƙa. Ka buɗe burauza, ka jira shafi ya hau, shafin da ya fi wasiƙun da ke cikinsa nauyi nesa ba kusa ba. Ka danna ɗaya, ka jira. Ka fara rubuta amsa ido ɗaya a kan allo, ɗaya a kan sandunan rezo, kana sauri kada ya ɗauke, sai amsar ta fito rabi da rabi, ba gaisuwa, ba lissafi daidai. Da can Gmail tana da sassauƙan shafi marar ado don masu raunin layi, a farkon 2024 Google ta rufe shi. Ita kuwa wasiƙar kanta ba ta da wani nauyi. A rubutu zalla harafi ɗaya bayit ɗaya ne, masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ biyu-biyu. Wasiƙa mai kalma 500 ba ta wuce kilobayit 3 da ƴan kai, hoto ɗaya na salula kuwa yakan kai megabayit 3, nauyin wasiƙa kusan 1,000 ke nan. Megar da kake saye da guminka ba karatu ne yake cinye ta ba, ado ne.

Mahaifiyarka ba ta zuwa bakin rijiya duk lokacin da ƙishi ya kama wani a gida. Da safe take zuwa ta cika randa, a sha a inuwa har yamma. Haka nake so ka yi da wasiƙunka. Ɗiba daban, karatu daban, aikawa daban, kuma ɗiba da aikawa ne kaɗai suke bukatar rezo, su ma na minti kaɗan.

Kayan aikin uku ne, duk kyauta, duk ƙanana, suna tafiya a kan Linux, ba sa neman sabuwar kwamfuta. Duk a baƙin allon nan da ake buga umarni suke aiki, wanda na ga samari suna gudu kamar an ce aljani ne a ciki. Na ɗiba sunansa mbsync. Rezo na zuwa ka buga mbsync -a, ka danna Enter. Zai je akwatinka, ya gwada abin da ke can da abin da ke hannunka, ya kwaso sabbi kawai. A takardar saitinsa akwai layin MaxSize, inda za ka ce masa duk wadda ta wuce nauyi kaza ya bar ta can sai ka neme ta, don kada bidiyon bikin da wani ya watsa wa jama'a ya tare wa takardar shugabanka hanya. Abin da ya kwaso yana zuba shi a tsarin da ake kira Maildir, wanda Daniel Bernstein ya ƙirƙira a shekarun 1990. Kowace wasiƙa fayil ɗinta daban, kuma sai an gama rubuta ta tsaf a jakar wucin gadi kafin a matsar da ita jakar sabbi. Ga mai zama inda wuta take ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ta ɗauke ana tsakiyar ɗiba, wadda ba ta gama sauka ba ce kaɗai za a sake, sauran suna nan lafiya lau.

Kada ka ɗauka ni na ƙago wannan, ko kuwa dabarar talaka ce. Tun 1971 Ray Tomlinson ya sa alamar @ a adireshi, kuma mutanen farko da suka yi ta aika wa juna wasiƙa ta kwamfuta layukansu sun fi naka rauni. A ƙarshen shekarun 1970, a cibiyar RAND ta Amurka, aka rubuta wani tsari mai suna MH, inda kowane aiki yake da ɗan umarninsa: inc ya shigo da sabbi, scan ya jera su, show ya nuna ɗaya, repl ya amsa, refile ya adana. Magajinsa nmh yana nan har yau. Jami'ar Washington ta fitar da Pine a farkon shekarun 1990, wanda ya haifi Alpine, Michael Elkins kuma ya rubuta Mutt a 1995. Nan kusa da mu, a ƙasar Gini, wajajen 2002, ƙungiyar agaji ta IRC ta haɗa ofisoshinta na can cikin ƙasa da Konakiri da imel ta hanyar rediyo mai gajeren zango, a wuraren da ko wayar tarho babu. Masu gina zuciyar Linux ɗin kanta, mutanen da ba su rasa layi mai ƙarfi ba, har gobe da imel na rubutu zalla suke miƙa wa juna gyare-gyare.

Na karatu shi ne Mutt ɗin nan. Ka buga sunansa, allo ya cika da layuka, kowane layi wasiƙa ɗaya: lambarta, kwanan wata, wanda ya aiko, girmanta, kan magana. Babu hoto, babu talla a gefe, babu jan ɗigo mai ƙyafta maka ido. Kusa da lambar akwai haruffa masu gaya maka halin da kowace take ciki. N sabuwa ce. O ka gan ta a zaman da ya wuce ka tsallake ba ka buɗe ba, kuma wannan harafi shi yake tona asirin malalaci. Ƙaramin r na nufin ka riga ka amsa. Alamar + kai kaɗai aka rubuto wa, C kuwa kwafi aka ba ka don ka sani. Kafin ka buɗe ko ɗaya ka riga ka gane wadda take jiranka da wadda za ta iya kwana. Da j kake sauka, da k kake hawa, Enter ya buɗe, q ya mayar da kai baya.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne harafin l. Ka danna shi ka rubuta ~U, akwatin gaba ɗaya ya ɓuya sai waɗanda ba ka karanta ba. Ka rubuta ~f da sunan shugabanka, sai nasa kaɗai. Ka rubuta ~d <7d, sai na kwana 7 da suka wuce. Ka rubuta ~s rahoto, sai waɗanda kalmar rahoto ta fito a kan maganarsu. Kana iya jera biyu ko uku a layi ɗaya ya tace maka su tare. Ka ƙaddara mai binciken aiki ya zo daga Damagaram ya tsaya a kanka, ya ce ina shaidar ka aika lissafin maganin watan jiya. Ka shiga jakar waɗanda ka aika, ka buga layi ɗaya, ga ta nan da rana da sa'a da sunan wanda ka aika wa, ko da rezo ya kwana uku bai leƙo garin ba. Wanda ya taɓa tsayawa yana gumi yana jan allon salula da yatsa, baƙo yana duba agogo, shi ya san darajar wannan.

Amma manhaja ba ta gyara hali. Wanda ya tara shara a Gmail zai tara ta a Mutt. Ka tsayar wa kanka lokaci, safe da la'asar sun isa, ka kashe ƙarar sanarwa a sauran yini. Idan ka zauna, duk wasiƙar da ka buɗe kada ka rufe ta sai ka yanke mata hukunci. Wadda layi biyu za su sallama, amsa ta nan take. Wadda take bukatar ka duba rajista ko ka tambayi wani, danna babban F ka yi mata alama, ka rubuta ranar amsa a littafinka. Wadda aikinta ya ƙare amma wata rana za a nemi shaida, danna s ka kai ta jakarta, kuma jakunkunan kada su wuce abin da za ka iya lissafawa da ka: ta rahoto, ta kuɗi, ta ma'aikata, ta shekara. Saura d. Kada hannunka ya yi rawa wajen sharewa, domin d alama kawai yake sawa, u yana cire ta, ba abin da zai tafi sai ka danna $ ko ka zo fita ya tambaye ka. Tallace-tallace kuwa babban T zai yi musu alama a dunƙule, sai ka danna alamar ; da d su tafi gaba ɗaya.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Wani yaro ya taɓa kawo mini wasiƙa a salularsa, fuska cike da murna. Tambarin wata babbar ƙungiyar agaji a sama, Faransanci mai kyau, an ce an zaɓe shi cikin masu ƙidayar gidaje, ya turo jika 15 kuɗin dosiye kafin Juma'a. Har ya fara neman rance. Muka buɗe ta a baƙin allo. Tambarin ya ɓace, domin Mutt ba ya janyo hoto, sai rubutu tsirara. Sunan ƙungiyar yana nan a layin mai aikawa, amma suna kowa yana iya rubuta wanda ya ga dama. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo bayan @, kuma can akwatin kyauta ne irin wanda kowa zai buɗe cikin minti biyar. Muka danna h, kan wasiƙar ya bayyana gaba ɗaya. A layin Reply-To, inda amsa za ta tafi, wani adireshi ne daban. Mahaɗin da a salula aka rubuta masa sunan ƙungiyar, a nan ga ainihin inda yake kai mutum, wani wuri da ba shi da alaƙa da ita. Yaron ya yi shiru, ya ce to ai ni na ma aika musu katin ɗan ƙasa.

Ka koyi karanta kan wasiƙa, ɗana. Layukan Received suna nuna tashoshin da ta biyo, daga ƙasa ake karanta su zuwa sama, kuma na sama-sama, waɗanda mai riƙe da akwatinka ya rubuta, su ne abin dogaro. Akwai layin Authentication-Results. Idan wasiƙa ta ce daga banki ko ma'aikata take, ka ga fail a gaban spf ko dkim, ka dakata. Kada kuma ganin pass ya rufe maka ido, domin ɗan damfarar da ya aiko daga akwatinsa na kyauta shi ma pass zai samu. Abin da ya tabbatar kawai shi ne daga wannan akwati ta fito. Abin da aka maƙala kuwa, danna v ka ga sunansa da nau'insa da girmansa kafin ka taɓa shi. Takardar da sunanta ya ƙare da .pdf.exe ba takarda ba ce. Akwai kuma wani ɗan hoto ƙanƙani da masu talla da macuta suke ɓoyewa a cikin wasiƙa, wanda da zarar manhajarka ta janyo shi sun san ka buɗe, sun san akwatin yana da rai. Wanda ba ya janyo hoto ba ya ba su wannan labari. Duk da haka, babu layin da zai kare wanda kwaɗayi ya rufe wa ido. Ƙungiyar kirki ba ta karɓar kuɗi kafin ta ɗauki mutum aiki.

Wajen amsa, ka bambanta r da g. Na farko yana amsa wa wanda ya aiko, na biyu yana amsa wa duk wanda sunansa yake cikin wasiƙar, daga shugaban gunduma har direba. Mutane da yawa sun zubar da mutuncinsu a tsakanin waɗannan biyun. Abin da nake yaba wa Mutt a nan shi ne ba ya gaggawa. Ka gama rubutu, ya tsayar da kai a wani allo, ya nuna maka wa za ka aika wa, wa ka ba kwafi, mene ne kan magana, me ka maƙala, nawa nauyinsa, kuma ba abin da zai fita sai ka danna y. Idan da fushi ka rubuta, danna babban P ta kwana a ajiye. Da safe, bayan ka yi salla ka karya, ka sake karanta ta. Sau da yawa za ka tarar rabinta bai kamata ya fita ba. Mai aikawa shi ne msmtp, yana kuma zuwa da ɗan rakiya mai suna msmtpq wanda yake jera wasiƙun da ka rubuta babu rezo, ya tura su idan ya dawo.

Ka ji tausayin mai karɓa. Abokin aikinka na Gushi ko Yekuwa shi ma da kuɗinsa yake ɗiba. Duk abin da ka maƙala, imel yana ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa a hanya, Gmail kuma ba ta ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25. Maganar layi uku kada ka sa ta a fayil ɗin Word ka maƙala, rubuta ta a jikin wasiƙa. Hoton rajista ka rage girmansa. Kan magana ka sa shi ya faɗi abin da ke ciki, da suna da wata da shekara, domin shi za a nema bayan ka manta. Ka kuma saita haruffanka a kan UTF-8, don masu lanƙwasarmu da masu hular Faransanci su isa yadda ka rubuta su.

Akwai nauyin da ka ɗauka ranar da ka kawo wasiƙu gida. Yanzu suna cikin kwamfutarka, da sunayen marasa lafiya da albashin mutane da koke-koken da aka rubuto a asirce. Ka kulle ta da kalmar sirri, kada ka bar ta a buɗe ƙanenka ya kalli wasa. Tunda kowace wasiƙa fayil ce, kwafe jakar gaba ɗaya a kilen USB abu ne mai sauƙi. Ka riƙa yi duk ƙarshen wata, kilen kuma ya kwana a wani ɗaki daban. Akwatin aiki daban, naka na kanka daban, domin wata rana za a canja maka wurin aiki, wanda zai gaje ka kuma yana da hakkin ya tarar da tarihin ofis a jere.

Ba zan ɓoye maka ba, saitin farko yana da wuya. Tun watan Mayun 2022 Google ta daina barin irin waɗannan manhajoji su shiga da kalmar sirrinka ta kullum. Sai ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sa'annan ka karɓi wata kalmar ta musamman mai harafi 16 don manhajar kaɗai, ka ajiye ta a fayil ɗin da ka kulle da chmod 600 yadda ba mai karanta shi sai kai. Wasiƙun da aka ƙawata za su bukaci w3m ko lynx ya juye maka su rubutu. Idan kwamfutarka tana da ƙarfi kuma baƙin allo ya ƙi shiga ranka, Thunderbird ma yana ajiye wasiƙu a karanta babu rezo, ba zan yi fushi ba. Ni dai a tsohuwar kwamfuta mai gajeren batir, wadda fano ɗaya na hasken rana yake ciyarwa, na fi amincewa da mai sauƙin nauyi. Wanda ba shi da kwamfuta kwata-kwata, akwai Termux a salular Android, Mutt yana tafiya a cikinsa, ko da yake madannan salula suna gajiyar da yatsa.

A makon farko j da k da Enter da r da q sun ishe ka, alamar ? kuma za ta jero maka sauran duk lokacin da ka kakare. Saitin kuwa ka nemi wani cikin yaran da suka karanci kwamfuta a Damagaram ko Maraɗi ya taya ka, ka ba shi ladan wahalarsa. Idan ya ce ka bar masa kwamfutar ka dawo gobe ka karɓa, kada ka yarda. Ka ja kujera ka zauna kusa da shi, ka sa ya gaya maka aikin kowane layi ka rubuta a littafinka, kalmar sirrin kuma kai za ka buga ta da yatsunka.